Kwalba Mai Shuɗin Marfi

Uwar Ɓeraye ba ta iya zama ba. Wannan ba zagi ba ne, ita ma ta san halinta. In ka ba ta kujera, a bakin-bakinta za ta ɗosana, ƙafa na kaɗawa, ido na kan ƙofa, kafin ku gama gaisawa ta miƙe ta ce ta bar wani abu a wani wuri. Mahaifiyarta ta sha faɗa cewa tun tana ciki ba ta bari an yi barcin kirki ba. Ta yi shara a makaranta, ta yi wankin kwalabe a kantin magani, ta yi tallar sabulu gida-gida, duk ta watsar, domin a cewarta aikin da za ka gama ka naɗe hannu ba aiki ba ne, jira ne. Sai da ta samu shiga ɗakin ɓeraye na sashen binciken magunguna, sannan ta haɗu da waɗanda suka fi ta rashin zama.

Ɗakin yana bayan gini, ƙarshen wani dogon lungu, inda warin fitsari da na garin katako ke tarar mutum tun bai ga ƙofa ba. Ga keji jere a kan kantoci, kowanne da kwalbar ruwa a kife, ga tsohuwar fanka tana juyi tana ƙorafi. Fararen ɓeraye ne masu jajayen idanu, bayin Allah waɗanda ba su taɓa yi wa kowa ɓarnar hatsi ba. Ita ke share musu, ta zuba musu abinci, ta auna nauyinsu, ta damƙi ƙeyarsu ta ɗura musu magani da sirinji mai lanƙwasasshen baki. Da safe kuma ta ɗan tsaga ƙarshen wutsiya, ta matso ɗigon jini a kan na'urar auna suga, ta faɗa wa Dakta, mai kula da binciken, abin da ya fito. 'Yan unguwarsu ne suka laƙa mata sunan don tsiya, ita kuwa ta amsa da na'am, shi ke nan ya bi ta.

Mijinta tela ne, shagonsa a bakin titi, tsakanin mai aski da mai gyaran waya. Tsohon keken ɗinki na ƙafa yake takawa, baƙi, mai nauyin tsiya. An yi an yi da shi ya sayi na lantarki, ya ce, "In an ɗauke wuta ni ma a ɗauke ni ke nan?" Ƙafarsa ta dama ce ke ci da gidan. Mutum ne mai barkwanci, ba ya ganin ta dawo bai tsokane ta ba.

"Likitar ɓeraye, sannu da aiki. Yau majiyyata nawa kika sallama?"

"Duk sun fi ka jin magana, Malam," in ji ta, tana tuɓe takalmi, ta riga ta nufi madafa.

Gaskiya ta faɗa. Ciwon suga ya kama Tela shekaru da suka wuce, asibiti suka ɗora shi a kan wasu manyan ƙwayoyi farare. Ƙwayoyin nan suna murɗa masa ciki, suna tashinsa daga kan keke ana tsakiyar ɗinki, don haka yau ya sha, gobe ya ce ya manta. Ta yi faɗan, ta yi lallashin, har bakinta ya gaji.

Wata rana da yamma ta biya shagon a kan hanyarta ta gida, sai ta ga jini a kan abin taka keken. Ta durƙusa ta ɗaga ƙafarsa. Ashe wani fil ne ya shige ƙarƙashin babban yatsansa, ya wuni yana taka keke da shi bai ji komai ba. Ba jinin ne ya tsorata ta ba, rashin jin zafin ne.

"Tashi mu tafi asibiti."

"A kan fil? Haba! Asibiti in ka kai musu ƙafa biyu, da ɗaya za ka dawo. Ki wanke mini da ruwan gishiri kawai."

Ta wanke, ta ɗaure. Ciwon bai rufe ba.

A daidai wannan lokacin ne Dakta ta fara sabon gwaji. Dakta mace ce siririya mai gilashi, sa'ar ƙanwar Uwar Ɓeraye, shi ya sa take ce wa Uwar Ɓeraye Mama. Wani ganye aka samo wanda masu maganin gargajiya suka daɗe suna cewa yana sauke suga. Aka shanya shi a inuwa, aka niƙa, aka jiƙa, aka tace, aka ƙafar da ruwan har ya zama wani baƙin danƙo. Ɓerayen kuma aka yi musu allurar da ke sa musu ciwon, aka raba su gida uku. Kullum da safe Mai Haɗi, wani dattijon sashen da ke saman bene, zai aiko da kwalabe uku: mai farin marfi, mai jan marfi, mai shuɗin marfi. Ɗaya ruwa ne zalla, ɗaya ƙwayar asibiti ce aka narkar don a gwada ƙarfin ganyen da ita, ɗaya kuma ganyen ne. Duk ya ɗiga musu kala iri ɗaya, sun zama kore-kore, ido ba ya raba su.

"Dakta, wacce ce ta ganyen?"

"Wallahi ni ma ban sani ba, Mama. Mai Haɗi kaɗai ya sani, kuma ba zai faɗa ba sai mun gama."

"Yo ke da aikinki a ɓoye miki?"

"Ni na ce a ɓoye. In na san ta ganyen, idona zai riƙa gano mata alherin da babu shi. Ke ma hannunki zai fi tausasa wa wasu. Zuciya ba ta da amana a wannan aikin."

"To in ya yi kyau, yaushe mutane za su fara sha?"

Dakta ta yi murmushi. "Sai an duba bai taɓa hanta ba, bai taɓa ƙoda ba, a sake gwadawa, a gano adadin da ya dace da mutum. Aikin shekaru ne."

Shekaru! Uwar Ɓeraye ta juya ta ci gaba da kankare keji da ƙarfin da ya fi na kullum. Yatsan Tela ba shi da shekaru.

Ita ba ta buƙatar na'ura kafin ta san ɓeran da suga ya kama. Shan ruwa yake yi ba ƙaƙƙautawa, ya jiƙa garin katakon ƙarƙashinsa sharkaf, gashinsa ya tashi, ya rame. Haka 'yan farin marfi suka ci gaba. 'Yan jan marfi da ɗan dama-dama, ba yabo ba fallasa. Amma 'yan shuɗin marfi, kai! Sai ta zo da safe ta tarar da garin katakonsu a bushe, ruwansu bai ƙare ba, suna ta hawan ƙarfen keji suna wasa. Na'ura ma ta bi bayan idonta, sugansu kullum ƙasa yake yi. Ta riƙa tsayawa a gabansu da tsintsiya a hannu, ta je ta dawo, ta sake zuwa ta dawo.

Dokar ɗakin ita ce, abin da ya rage a kwalba bayan ɗuri a tuttular da shi a magudana, a wanke kwalbar. Rannan ta tsaya a bakin famfo da kwalaben uku, ta waiga, ba kowa. Ta ɗiga na farin marfi a harshe, salam. Ta ɗiga na ja, ɗan bauri-bauri, ta ce wannan ɗanɗanon asibiti ne. Ta ɗiga na shuɗi, sai da ta runtse ido. Ɗaci har ƙeya! Nan take ta yanke hukunci. Ɗaci ai na ganye ne, tun tana yarinya duk jiƙon da aka taɓa ɗura mata haka yake. Ƙwayar asibiti kuwa haɗiye ta ake yi da ruwa, wa ya taɓa tauna ta balle ya san ɗanɗanonta? Ta juye ragowar a wata 'yar kwalbar turare da ta wanke, ta tura cikin jaka. Ta gaya wa kanta ba sata ba ce, tunda magudana za a bai wa.

Tela ya karɓa ya shinshina. "Na ɓerayen ne?"

"Na ganyen da nake ba ka labari. Da idona na ga aikinsa."

Ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya girgiza kai, sannan ya washe baki. "Yauwa! Wannan shi ne magani. Ba waɗancan duwatsun ba." Ya miƙa hannu ya ɗauki kwalin ƙwayoyinsa ya cilla saman kabad.

"A'a, Malam, haɗawa za ka yi."

"In haɗa su su yi dambe a cikina? Ke da kika ga aikinsa da idonki, shakka kike yi?"

Da wani ne ya kawo maganin, da ta hau kujera ta sauko da kwalin, ta tsaya a kansa sai ya haɗiye. Amma ita ta kawo, kuma ta yarda da ɓerayenta fiye da yadda ta yarda da kowa. Ta bar kwalin a inda ya faɗa.

Kwanakin farko kamar an dace. Cikinsa ya lafa, ya ci abinci ya ƙara, ya ce rabon da ya ji ƙarfi haka har ya manta. Ta ce ya kawo yatsan hannu ta auna sugan, ya ɓoye hannuwa a hammata yana dariya. "Ni ba ɓera ba ne, ba ni da wutsiya. Jiki magayi, kuma jikina ya gaya mini." Ta ƙyale shi, domin ita ma abin da take son ji ke nan.

Yatsan dai bai ji wannan labarin ba. Kullum ta kwance ɗaurin sai ta ga bakin ciwon ya ƙara faɗi, gefensa ya fara duhu. Ana magani kai na kaba. Ta ce ai ɓerayen ma ba rana ɗaya suka miƙe ba. Ta fara ɗauraye kwalbar shuɗin marfi da ɗan ruwa tana haɗawa, don kada ɗigo ya tafi a banza. Rashin zamanta ya ƙaru har ya fara damun mutane. Ta ɗora tukunya ta manta ba ta kunna wuta ba. Ta share tsakar gida, ta koma ta sake sharewa. A wurin aiki ta je ƙofar Dakta da niyyar magana, ta ɗaga hannu za ta ƙwanƙwasa, sai ta tuna aikinta ne zai tafi, ta juya. A mota in direba ya tsaya ɗaukar fasinja sai ta ji kamar ta sauka ta ƙarasa da ƙafa. Tsoro take ji, tsoro sosai, kuma ba ta da wanda za ta gaya wa.

Tela ya koma taka keke da dunduniya, ɗinkin ya fara karkacewa. Wata mata ta dawo da riga ta ce hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Ya yi mata barkwanci har ta yi dariya, amma da ta tafi ya daɗe yana kallon bango. Ƙishirwa ta dame shi, ya ajiye jarka a gefen keke. Sannan wari ya fara fitowa daga ɗaurin. Uwar Ɓeraye ta san wari iri-iri, hancinta ya ga duniya, wannan kuwa ba ta so shi ba ko kaɗan. Ta sake tayar da zancen asibiti, ya ce a bai wa ganyen lokaci, ai ita ce ta ce ɓeraye ma sun ɗauki kwanaki. Da maganarta ya ɗaure ta.

Ranar da gwajin ya ƙare, Mai Haɗi ya sauko da kofin shayi a hannu, yana toshe hanci kamar yadda ya saba. Dakta ta gama haɗa sakamakonta, ta ce, "To Baba, mun gama. Faɗa mana."

"Fari ruwa ne," in ji shi, ya kurɓi shayi. "Ja shi ne ganyenki. Shuɗi ƙwayar asibiti."

Dakta ta cire gilashi ta murza ido. "Na yi zargin haka. Ganyen ya ɗan motsa, amma bai kai ya kawo ba. Sai mu sake da wani adadin."

Uwar Ɓeraye tana riƙe da kwanon abincin ɓeraye. Kwanon ya suɓuce, abincin ya watse a ƙasa, ba ta ko kalle shi ba.

"Baba, wace ƙwayar?"

"Wadda kowa ke sha mana. Manyan fararen nan. Niƙa ta nake yi in narkar."

"Mai ɗaci?"

"Kamar maɗaci. Ke ina kika sani?"

Ta matso kusa da shi. "Abin da ke raguwa a kwalba, in mutum ya sha, zai kai ƙwaya ɗaya?"

Mai Haɗi ya yi dariya. "Awon ɓera ne fa. Ko ɓallin ƙwaya bai kai ba."

Dakta ba ta yi dariya ba. Ta mayar da gilashinta, ta dubi Uwar Ɓeraye tun daga fuska har hannuwan da ke murza gefen riga.

"Mama, wa kika bai wa?"

"Maigidana."

"Yana shan tasa?"

Ta girgiza kai. "Ya bari tun ranar. Kuma akwai ciwo a ƙafarsa."

"Innalillahi." Dakta ta jawo jaka ta zaro makullin mota. "Faɗan sai mun dawo, kuma wallahi akwai shi. Mu je."

Sun tarar da Tela a shago, keken a rufe da ƙyalle, ƙafar a kan kujera, jikinsa zafi rau. Ya buɗe baki zai yi wasan da ya saba, sai haƙoransa suka kama kaɗawa. Mai aski da mai gyaran waya ne suka ɗauke shi suka sa a mota. A asibiti likita ya kwance ɗaurin, ya duba, ya tambayi tun yaushe, bai jira amsa ba ya ce a shirya ɗakin tiyata. Uwar Ɓeraye ta auna barandar asibitin da ƙafa har mai shara ta roƙe ta ta matsa ta goge wurin. Da likitan ya fito ya ce sun cire babban yatsan da na kusa da shi. Sauran ƙafar kuma, in ji shi, tana hannun Allah tana hannun sugan. In ya sauka ya zauna a ƙasa, an tsira. In aka koma wasa da magani, nan gaba ba yatsa za a yi zance ba.

Ba ta gaya wa Tela komai ba. Ta ce sai ya farfaɗo, da ya farfaɗo ta ce sai zazzaɓin ya sauka, da ya sauka ta ce sai ya fara cin abinci. Kullum da dalilinta. Shi kuwa ko sau ɗaya bai yarda ya kalli ƙafar ba, in nas ta zo wanki sai ya juya fuska ga taga ya kama ba na gadon kusa labari.

Rannan da la'asar, lokacin 'yan dubiya, yayarsa ta zo. Tsohuwa ce mai jiki, ita ta riƙe shi bayan rasuwar iyayensu, ita ma suga ya daɗe da kama ta. Ta zauna a bakin gado tana haki, tana share hawaye da gefen mayafi.

"Daina kuka, Yaya," in ji Tela. "Ai godiya ya kamata mu yi. Kin ga wannan?" Ya nuna matarsa, wadda ke tsaye tana ninke tawul ɗin da ta riga ta ninke. "Ba don ruwan ganyen da take kawo mini ba, da ƙafar gaba ɗaya ta tafi. Ita ta riƙe mini ita. Ina fita daga nan shi zan koma wa, su riƙe duwatsunsu."

"Allah Ya yi miki albarka, 'yar nan," in ji Yaya.

"Ke ma shi za ki koma. Ki zubar da waɗannan ƙwayoyin da ke cinye miki ciki. Za ta riƙa kawo mana tare." Ya juyo yana murmushi. "Ko ba haka ba?"

Yaya har ta fara lalube a jaka, tana cewa ga su nan ma ta gaji da su. Uwar Ɓeraye ta kalli kumburarrun ƙafafun tsohuwar a cikin silifa, ta kalli tudun da bargo ya yi a ƙarshen gadon. Garin neman gira ta riga ta rasa ido ɗaya, ga na biyu ana miƙo mata.

"Yaya, kada ki zubar." Uwar Ɓeraye ta juya ga mijinta. "Malam, ba ganye ba ne."

"Me ne ne ba ganye ba?"

"Abin da nake kawo maka. Ƙwayarka ce. Irin wadda ka cilla saman kabad, ita aka niƙa wa ɓeraye. Ni na ɗauka ganyen ne, don na ji ɗaci. Kuma abin da kake sha bai kai ɓallin guda ɗaya ba. Duk kwanakin nan ba ka shan komai, ni na sa ka."

Ya fara dariya, ya ga hawaye na bin fuskarta, ya daina. Tun da ya aure ta bai taɓa ganin ta yi kuka a gaban mutane ba.

"Ita ce ta tayar da ɓerayen?"

"Ita ce."

"Kuma duk kwanakin nan tana cikin ɗakina."

"Tana ciki."

Na gadon kusa ya juya baya, ya ja bargo. Yaya ta mayar da kwalinta cikin jaka a hankali, ta ja zif, ta ce bari ta je ta yi alwala. Suka rage su biyu. Tela ya daɗe yana kallon silin. Ta jira zagi, ta jira ya ce ta fita, da ya yi hakan ma da ta fi samun sauƙi.

"Ɗage bargon," in ji shi.

"Malam..."

"Ɗage in gani."

Ta ɗage. Farin bandeji ya naɗe ƙafar, ya shafe a gefen da ya kamata ya yi tudu, 'yan yatsu uku sun leƙo ta ƙarshe. Ya tokara da gwiwar hannu ya kalla, ya kalla. Ya yi ƙoƙarin motsa su, biyu suka motsa. Sai ya koma ya kwanta, ya ɗora damtse a kan idanunsa, kafaɗunsa suka fara girgiza. Ta tallafi dunduniyar da tafin hannu biyu, ba ta san me kuma za ta yi ba.

Da ya samu murya, bai ɗauke hannun daga fuskarsa ba.

"Sauran ukun nan," ya ce, "ki taya ni riƙe su. Kira mini nas ta kawo maganin."